Ƙirƙira Ko Bidi'a? Kalmar Innovation a Bakin Bahaushe

Laccar da aka gabatar ga malamai, ɗalibai da masu sana'ar hannu a unguwar Alƙalawa, Jimeta

    

A kan kalma guda ta Turanci aka ce in yi magana. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, kalma guda har ta isa a tara mutane? Ta isa, domin wannan kalma kuɗi na bin ta. Ita ce innovation. A 2021 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙara ta a sunan Ma'aikatar Kimiyya da Fasaha ta tarayya. A 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta dawo da ita farkon sunan, ta kuma saka ta a sunan ma'aikatar sadarwa. A nan Yola ma, a 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo ya buɗe wata cibiya ta Arewa maso Gabas mai ɗauke da kalmar a sunanta, don nemo hanyoyin taimaka wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Duk takardar neman tallafi da 'ya'yanmu ke cikewa a waya, da wuya a kai ƙarshenta ba a gamu da ita ba.

Ni fassara ce sana'ata, kuma kalmar nan ta taɓa sa ni na yi wa wani mutum ɓarna ba da niyya ba. Shekarun baya aka kawo mini sanarwar wani shirin tallafa wa matasa, aka ce in mayar da ita Hausa don a karanta a rediyo. Da na iso kan kalmar, abin da ya fara zuwa bakina shi ne bidi'a, don da ita na san ta a littattafan addini da aka fassara zuwa Turanci. Nan take na ga ba za ta yiwu ba. Sai na rubuta ƙirƙire-ƙirƙire, kamar yadda kowa ke yi, aka karanta, aka wuce. Bayan 'yan makonni na je wajen wani mai walda da nake kai wa gyara. Ya daɗe yana haɗa injin casar shinkafa da ƙarafan da yake tsinta, ya rage masa girma har ana iya ɗora shi a Keke Napep a kai gona. Na tambaye shi ko ya nemi tallafin. Ya ce, "Malam, ai na ji a rediyo. Na masu ƙirƙira ne. Ni ban ƙirƙiri komai ba, injin da na gani na gyara." Mutumin da aka tsara shirin dominsa, kalmar da na zaɓa ce ta rufe masa ƙofa. Tun daga ranar nake bin sawun kalmar nan, kuma abin da na tsinta shi na kawo muku.

Ingilishi aronta ya yi daga Latin, harshen Rumawan da. Tushenta novus, wato sabo, kuma aikatau ɗin da aka gina a kai yana nufin a sabunta abu ko a canza shi. Ta shiga Ingilishi wajen shekara 500 da suka wuce, amma ba da farin jini ta shigo ba. Zagi ce. A 1548 aka fitar da shela da sunan Sarkin Ingila Edward na Shida, yana yaro ɗan shekara 10, ana gargaɗin masu shigo da sababbin abubuwa cikin ibadar coci ba da izini ba, kuma da wannan kalmar aka kira laifin nasu. A 1636 wani mai wa'azi, Henry Burton, ya tuhumi manyan limaman cocin Ingila da cewa su ne masu innovation. Shekara ta zagayo aka gurfanar da shi, aka yanke masa kunnuwa. A wancan zamani ba wanda zai yarda a kira shi da wannan suna, ko a addini ko a siyasa. Kowa abokin gabarsa yake jefa wa.

Iyayenmu malamai, na san kun riga kun gane inda maganar ta dosa. Abin da Bature ke nufi da kalmar a lokacin, shi ne abin da muke nufi da bidi'a. Har yau ma ma'anar ba ta mutu ba: idan masu bincike za su fassara sunan ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, kalmar da suke sa wa bidi'a ita ce innovation. Ga kalma guda, a wannan allo ana kafa mata ma'aikata, a wancan allo ana neman kawar da ita.

Wurin da muke zaune ma ya dace da zancen. Unguwar nan suna ɗaya take da Alƙalawa ta Gobir, birnin da ya faɗi hannun jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1808. Shekara guda bayan haka Modibbo Adama ya karɓo tuta, a 1841 kuma ya kafa Yola. Tun kafin duk wannan, wajen 1793, Shehu ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, wato raya sunna da kashe wutar bidi'a. To amma da wane laƙabi muke kiran Shehu? Mujaddadi. Mai jaddadawa, mai sabuntawa. Mutumin da ya yi littafi guda a kan yaƙi da bidi'a, shi ne muke girmamawa da sunan mai sabunta addini, kuma babu Bahaushen da ke jin karo a cikin wannan. Mun raba abubuwa biyu da Ingilishi ya zuba a ƙwarya ɗaya: shigo da abin da ba ya cikin asali, da wanke asali a fito da shi kamar sabo. Wannan arziki ne na harshenmu, kada mu yi sakaci da shi.

Su kansu malaman fiƙihu sun daɗe suna tattauna iyakar kalmar. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, da almajirinsa Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, sun kasa sababbin abubuwa kashi biyar, daga wajibi har zuwa haram. Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, bai yarda da wannan kasafi ba. A wajensa sunan bidi'a na abin da aka ƙaga cikin addini ne, abin da ya shafi maslahar duniya kuwa babinsa daban. Ba hurumina ba ne in yi hukunci tsakaninsu, ga ma'abota abin nan zaune a gaba. Abin da ya shafe ni a matsayin mai fassara shi ne, ta kowace hanya aka bi, injin ban ruwa da ke aiki a fadamar Geriyo bai shiga zargi ba. A Larabci ma tushen da ya ba da bidi'a shi ya ba da ibda'i, wato gwanintar fito da sabon abu, shi ya ba da ilmin badi'i da ake karantawa a balaga. Da kalmar ta zo Hausa, ɓangare ɗaya ta zo da shi. Shi ya sa in tsohuwa ta ce an yi bidi'a a bikin nan, kowa ya san ba yabo take ba, almubazzaranci take nufi.

To yaya aka yi zagi ya koma kirari a Turanci? A hankali abin ya faru, tare da zamanin injuna da masana'antu. Amma wanda ya ɗaure ma'anar da ake amfani da ita yau wani masanin tattalin arziki ne daga Ostiriya, Joseph Schumpeter. A littafinsa na 1911, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1934, ya ce a daina haɗa abubuwa biyu. Akwai invention, wato a gano ko a ƙago abin da ba a taɓa yi ba. Akwai kuma innovation, wato a ɗauki sabon abu a shigar da shi cikin harkar mutane har ya kama ƙasa. Kuma a wajensa ba dole sai na'ura ba. Sabon kaya yana ciki, haka sabuwar hanyar yin tsohon kaya, da buɗe sabuwar kasuwa, da samo sabon wurin da za a riƙa ɗauko kayan aiki, har da sabon tsarin tafiyar da sana'a.

Ku duba wayar da ke aljihunku. A 1973 wani injiniyan kamfanin Motorola, Martin Cooper, ya yi kiran farko da wayar hannu a titin New York. Wannan ƙirƙira ce. Amma ba ta shigo hannun talakan Najeriya ba sai bayan da aka fara GSM a 2001. Waɗanda suka manyanta a cikinku za su tuna 'yan mata da samari masu lema da tebur a bakin titi, ana biyan kuɗin kira minti-minti. Za ku tuna wanda ya fara tayar da janareta ya jera soket hamsin a kan katako yana cajin waya. Babu ɗayansu da ya ƙera waya. A Kenya, a 2007, kamfanin Safaricom ya fito da M-Pesa, aka mayar da waya asusun ajiya da hanyar aika kuɗi, alhali wayar da saƙon tes duk sun riga sun kasance. A ma'aunin Schumpeter duk waɗannan sun cancanci sunan, tun daga babban kamfanin har mai soket.

Yanzu mu dawo kan ƙirƙira, mu ga me ya sa ta gaza ɗaukar wannan kaya. Kunnen Bahaushe yana jin ƙira a cikinta: maƙeri, zugazugi, uwar maƙera, jan ƙarfe ya zama fartanya. Kalma ce mai nauyi, tana sa mutum ya ji sai ya fito da abin da ido bai taɓa gani ba. Tana kuma da wata fuska marar kyau, ita da 'yar'uwarta ƙaga. Muna cewa ƙagaggun labarai, muna nufin adabi irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, babu laifi. Amma in aka ce an yi wa wane ƙage, ko labarin nan ƙirƙirarsa aka yi, to ƙarya ake nufi. Abin sha'awa, invention ma haka take a Turanci, ana kiran na'ura da ita, ana kiran ƙarya da ita. Su biyun sun dace da juna kamar tukunya da murfinta. Saboda haka inda doka ke maganar invention, kamar dokar Najeriya ta 1970 da ke ba wanda ya ƙago abu takardar mallaka ta shekara 20, a can ƙirƙira ta zauna daram. Ba ni da ja.

Akwai ta uku da ke yawan shiga tsakani, creation. Wannan sai an yi hattara da ita, domin ma'anarta ta farko halitta ce, kuma Hausa ta keɓe halitta ga Allah. Mutum yana ƙera, yana gina, yana saƙa, yana tsara, ba ya halitta. Idan Bature ya yi amfani da ita a kan aikin yi, mu samar da aikin yi muke cewa. Idan a kan jiha ne, mukan ce ƙirƙiro: an ƙirƙiro Gongola a 1976, an ƙirƙiro Adamawa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka raba Gongola biyu. A lura, ba ƙasar aka ƙirƙiro ba, Binuwai na nan tun fil azal, iyaka da suna da ofis aka sabunta. Na ji matasa masu yin bidiyo a TikTok suna neman sunan sana'arsu da Hausa. Ina roƙonku, ku ce masu shirya bidiyo, ko masu tsara shirye-shirye, ku bar tushen halitta inda yake.

Mutumin da ya fi fayyace mini bambancin nan ɗan Arewa ne, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse. Jinin magina tukwane ne. Abin da ya yi, duk wanda ke nan zai iya yi gobe da safe. Ya sami tukunyar ƙasa babba, ya sa ƙarama a cikinta, ya cika tsakaninsu da yashi, ya jiƙa yashin, ya zuba kayan miya a ƙaramar, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke cikin yashi yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska ta kwashe shi. Ruwa kuwa ba ya bin iska sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jikinsa, kamar yadda zufa ke sanyaya mutum. Sai cikin ƙaramar tukunya ya yi sanyi, ba lantarki, ba mai. Rahotannin da aka bayar a kan aikinsa sun ce yalon da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma sun kai mako uku. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex ta dala 75,000.

In mun bi ma'aunin abokina mai walda, Bah Abba bai ƙirƙiri komai ba. Kakanninmu sun san randa na sanyaya ruwa, sun san a binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, mutanen Masar ma sun san wannan tun zamanin Fir'auna. Da tsohuwar zuma ya yi magani. Aikinsa na gaske ya fara ne bayan ya haɗa tukwanen. Ya sa magina na ƙauye suka gina dubbai, ya raba wasu kyauta don mutane su gani da idonsu, ya yi amfani da wasan kwaikwayo ya kai labarin ƙauyukan da ba a karanta takarda. Ya kuma lura da abin da ba ya cikin littafin kimiyya: gidan da kayan gwarinsa ke jure kwanaki ba ya bukatar tura yarinya talla kullum don gudun asara, sai ta sami sararin zuwa makaranta. Wannan ɗawainiyar ta biyu, ta kai abu har ya shiga gidajen mutane ya zauna, ita ce kalmar Turancin ke nufi a yau, kuma ita ce ƙirƙira ba ta faɗa.

Ga masu son gwadawa, tukunyar tana son busasshiyar iska da inuwa mai shan iska. Daga hunturu zuwa bazara, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, za ta yi muku aiki. Da damina, musamman mu da ke bakin kogi, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin zai ragu ƙwarai. Masu tumatir da alayyahu na kasuwar Jimeta, lokacin da kuka fi asara shi ne lokacin da ta fi amfani.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya karɓu alheri ne. Nan ne nake ganin Turancin yau ya yi sake, don ya mayar da kalmar yabo zalla. Ruwan leda sabuwar dabara ce da ta kama ƙasa fiye da kowace, ta kai ruwan sha tasha da kasuwa da gidan biki. Ku je ku dubi magudanan ruwa na Jimeta bayan ruwan farko, ku ga abin da ta bari. Masu POS sun kawo banki bakin ƙofa, sun hutar da tsofaffi bin layi. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga yadda wasu daga cikinsu suka sayar wa mutane kuɗinsu da tsada. Tambayar da malamanmu suka saba yi wa kowane sabon abu, mene ne amfaninsa, mene ne cutarwarsa, wa zai ɗauki asarar, tambaya ce da ya kamata ɗalibin injiniya a Jami'ar Modibbo Adama ko a jami'ar AUN ya iya yi wa aikinsa kafin ya kai shi gaban masu ba da tallafi.

To me za mu ce da Hausa? Na daina neman kalma guda, don babu ita, kuma ba aibi ba ne. In maganar ibada ce, bidi'a. In an ƙago abin da ba a taɓa yi ba, ƙirƙira. In tsohon abu aka farfaɗo da shi, sabuntawa ko jaddadawa. In kuwa maganar sana'a ce da kasuwa da tallafi, wadda ita ce ta fi yawa a takardun gwamnati, ni sabuwar dabara nake cewa, jam'inta sababbin dabaru. Dabara kalma ce ta kowa. Manomi na da ita, mai ƙosai na da ita, bakanike na da ita, ba ta tsorata mutum, ba ta kuma sa shi ya raina kansa. Da ni za a tambaya, Ma'aikatar Sababbin Dabaru, Kimiyya da Fasaha zan kira waccan ma'aikata. Na san wasu abokan aikina za su ce dabara tana iya nufin wayo, kamar a ce ya yi mini dabara. Gaskiya ne. Amma da zarar an sa sabuwa a gabanta aka ambaci sana'a, ban taɓa ganin wanda ya fahimce ta a karkace ba, alhali ƙirƙire-ƙirƙire na ga wanda ta hana shi cika takarda.

Kalma ba ta zama da umarni, sai baki ya saba da ita. Ƙirƙirarriyar basira da muke ji yanzu a kafafen labarai, shekaru kaɗan baya ba wanda ya san ta, maimaitawa ce ta zaunar da ita. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ba a rubuta ƙirƙira sai da ɗayansu, su ma a shekarun 1930 aka shigo da su rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da littattafan makaranta suka sa ido ya saba. Don haka roƙona yana wajen 'yan'uwana na gidajen rediyo da talabijin na garin nan, da malaman Hausa na makarantunmu: in sanarwa irin waccan ta sake zuwa hannunku, ku gwada sabuwar dabara, ku ƙara jimla guda mai cewa wanda ya gyara tsohon inji ya fi na da amfani, shi ma yana ciki.

Na koma wajen mai waldan nan na karanta masa sanarwar da sabuwar fassara, ko da yake lokacin neman tallafin ya riga ya wuce. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye abin waldarsa, ya ce, "Af, ashe da ni ake." Yanzu yana da yara huɗu da ke koyon haɗa injin a wajensa, biyu daga cikinsu na hango su a bayan zauren nan. Mai girma shugaban taro, in an buɗe fagen tambaya, ina roƙon a fara ba su abin magana su faɗa mana da wane suna suke kiran aikin da suke yi.